Gora Ɗaya, Injiniya Goma

Ba a tunawa da indararo a Bauranya sai hadari ya haɗo daga gabas. Wata bakwai na rani yana nan leƙe a jikin soro, gwara ta yi sheƙa a cikinsa ta ƙyanƙyashe ta yaye, iskar hunturu ta cusa masa ganyen bedi da ledar fiyawata, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Sai ranar da gari ya yi baƙi ƙirin, ƙyauren langalanga ya fara kaɗawa, mata suna ta rige-rigen kwashe shanya, sannan maigida zai zabura daga kan tabarma ya ce, "Kai, wai ina gorar nan take?"

Saboda 'yan birni da suka tashi a ƙarƙashin silin, bari in yi bayani. Rufin soro a shimfiɗe yake: a jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, a kewaye gefe da rawani. Duk ruwan da ya sauka a kai ƙofa ɗaya gare shi, ita ce indararo. In ta toshe, ka samu tafki a saman kanka ba tare da ka nemi kwangilar dam ba. Lissafin kuma ba ya buƙatar boko mai zurfi. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, ya tara lita 1,000. Jarka 40 ke nan ta 'yan garuwa, nauyin tan guda cur, zaune a kan azarar da gara ta daɗe tana kalaci da ita. A ƙarƙashin wannan ne maigida yake kwance yana sauraron labaran duniya a rediyo, yana jajanta wa mutanen wata ƙasa da ambaliya ta ci.

Mai hankali zai ce, to a jingina tsani mana a hau a kwashe da hannu, aikin da bai fi ɗumama tuwo ɗaukar lokaci ba. Wanda ya faɗi haka baƙo ne. Hawa soro a ƙasar Hausa ba hawa ne kawai ba, harka ce ta diflomasiyya. Daga can sama kana ganin tsakar gida huɗu ko biyar, har da madafi da makewayi, don haka sai an tura yaro gida-gida ya ce, "Wai a kimtsa, za a hau sama." Kafin yaron ya dawo, ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, gida biyu bai je ba, ya kuma ce maka ya je. Ka hau, ka ji salati ya tashi daga katangar yamma, shi ke nan an samu abin da za a yi shekara ana gaba a kansa. Ga kuma maganar tumbi. Magidancin da ya ba hamsin baya ya san nauyinsa, ya san shekarun azararsa, ya kuma san cewa in ya burma ya faɗo tsakiyar gadon uwargida, jikokinsa ma sai an ba su labari. Uwa uba, mutunci. A ga Alhaji guda a saman soro da wando naɗe zuwa gwiwa? Gobe a majalisa za a ce abin ya kai ya kasa biyan magini.

Wannan ya sa ilimin ƙere-ƙere ya bunƙasa a unguwarmu. Tushen na'urar dai gora ce, irin wadda ake kawowa daga kudu a saya a kasuwar Kankiya ko Caranci. Ba ta taɓa isa ba. Ko soron gajere ne, sai ta rage kamu ɗaya. Sai a ƙara mata karan dawa, ko ƙotar tsohuwar fartanya, a ɗaure da robar tayar keke da aka tsaga siri-siri, a naɗa a naɗa har mahaɗin ya yi ƙulu. A kan tsinin ne gwanintar kowa take fitowa. Wani waya yake lanƙwasawa ta zama ƙugiya. Wani ya fasa gwangwanin tumatir ya buga shi da ƙusa ya zama cokali. Mai hali ya kai guntun rodi wurin mai walda, ya tsaya a kansa yana zana masa fasali a ƙasa da yatsa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya faki ido ya zare ludayin miyar uwargida, laifin kuma ya faɗa kan almajirin gidan.

Matsalar da ta gagari masana har yau ita ce, gora miƙaƙƙiya ce, ramin indararo kuwa a kwance yake. Kana ƙasa, kana son ka soka abu a ramin da bakinsa ke kallon titi, bayansa kuma ba ka ganinsa. Samarin zamani sun ce sun warware wannan. Bututun roba na famfo suke haɗawa, su sa masa gwiwa a kai don ya karya kwana, su ɗaura madubin babur a gefe wai don su riƙa hango ciki. Na ga wanda ya wuce nan: ya ɗaure wayarsa a tsinin gora, ya kunna bidiyo, ya ɗaga don ya gano ainihin inda cutar take. Dabarar ta yi kyau ƙwarai. Robar ce dai ta kwance. Yanzu abubuwan da suka toshe indararon gidansu sun ƙaru da ɗaya, ana kiran lambar kuma tana shiga.

Aikin ba ya yiwuwa sai da 'yan kallo. Da an ɗaga gora, mutanen da aka nema aka rasa ranar yaɓen masallaci za su ɓullo ta kowace kusurwa, hannu a baya. Mutum ɗaya ke riƙe da gora, goma ke tuƙa shi.

"Yi dama, Malam. A'a, damarka, ba tawa ba."

"Kawu, da ka juya ƙugiyar ta kalli ƙasa."

"Kai yaro, rufe mana baki. Tun ba a haifi babanka ba nake zungurar indararo."

"Ni dai da za a ji tawa, da ruwan zafi aka watsa."

Wani dattijo a gefe, wanda nasa soron ya rushe bara, shi ne ya fi kowa yawan fatawa. Shi kuwa mai gorar, wuya ya ƙage, ƙasa na zubo masa a ido, ya buɗe baki ke nan zai mayar wa wani martani, sai abin ya ɓalle. Duk wanda ya taɓa yi ya san wannan lokacin. Ruwan da ya kwana uku a sama, baƙi, mai ɗauke da kashin tantabara da ruɓaɓɓen ganye, ba ya sauka ko'ina sai a fuskar wanda ya 'yanto shi, don kuwa ba yadda za ka zunguri indararo ba tare da ka tsaya a saitinsa ba. Injiniyoyin nan goma sun riga sun ja da baya tun kafin ya iso. Su ne kuma za su ce, "Ai mun faɗa maka ka matsa."

Daga nan sai baje kolin abin da ya fito. Silifa wari ɗaya da aka doki yaro saboda ɓatanta. Ƙwallon tsumma. Busasshiyar kuɓewa da aka shanya tun kaka aka manta. Haƙoran yara da aka jefa sama don kada ƙadangare ya gani. Duk wannan dariya ake yi. Amma ranar da ƙugiya ta jawo wani ɗan ƙulli da aka naɗe da baƙin zare, sai wurin ya yi tsit. 'Yan kallo su tuna suna da uzuri. A cikin gida uwargida ta dubi amarya, amarya ta dubi uwargida, kowace ta ce, "Allah ya tona asirin mai yi." Ƙila tsumman da gwara ta ɗauko ne don sheƙa, amma wa zai tsaya bin ba'asin gwara? Toshewar indararo ta wuce, an buɗe sabon fayil.

Gorar kanta ba ta da mai ita. Wanda ya saya da kuɗinsa ya yi mata ganin ƙarshe ranar da ya ba da aro na farko. Daga gidan liman ta wuce gidan mai shayi, daga can aka kaɗo mangwaro da ita, aka share yanar gizo-gizo a zaure, aka ɗaga wayar lantarki don motar amarya ta wuce, wani ya kafa ta ya rataya eriya har aka gama gasar ƙwallo. Kowa kuma in zai miƙa ta gaba sai ta rage tsawo, saboda ya yanki kaɗan ya gyara akurkin kaji. In mai ita ya aika a karɓo, amsar ɗaya ce: "Ka ce masa yanzu-yanzu aka zo aka ara." Na san wanda ya gaji ya je aron gorarsa da kansa, aka ba shi, aka kuma ja masa kunne ya dawo da ita da wuri don masu ita ba su da sauƙi.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne ke gudun tsani. A Amurka da Ingila, inda ake kewaye bakin rufi da magudanar ƙarfe ko ta roba, ganyen kaka na toshe musu ita duk shekara, kantuna kuma cike suke da sanduna masu zugewa da injin hura iska mai lanƙwasasshen baki. A 2007 kamfanin iRobot ya fito da wani ɗan mutum-mutumi mai suna Looj, wanda ke bin magudanar yana watso shara. Sai dai kafin ya fara aiki, dole ka jingina tsani ka hau ka ajiye shi a ciki. Wato sun kashe dala sun dawo inda muka tsaya. Mu aƙalla ludayi kawai muka yi asara.

Inda abin ya daina ba ni dariya sosai shi ne inda sharar take zuwa bayan ta sauko. Maigida ya wanke fuska, ya sa yaro ya share ta zuwa bakin kwata. Maƙwabci ya fito da manjagara ya tura ta gaba kaɗan, daidai inda iyakar gidansa ta ƙare, ko taku ɗaya ba ya ƙarawa, sai ka rantse da ma'auni ya auna. Haka za ta yi ta tafiya gida-gida har ta isa kwalbati, inda ta zama ta gwamnati. Da ruwa ya kece kuma, sai a ƙwala wa yara kira su fito da kwandon shara su juye a cikin mai gudu, wai ruwa zai tafi da ita. Zai tafi da ita, gidan mutumin gangare. Shi kuma indararon wani, da gangan aka saita bakinsa jikin katangar maƙwabci, yana cin gindinta damina bayan damina, har sai an dangana da mai unguwa, a yi sulhu, a yi addu'a, a bar indararon yadda yake.

Dattawa suna ba da labarin zamanin duba-gari, lokacin da jin an ce ga shi nan tafe ya isa a kwashe kwata a rufe randa. A 1985 Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a Kano, ƙarƙashin gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, daga nan tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali. Mun karɓe ta hannu biyu, muka mayar da ita ranar ramuwar barci. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya tana yaye masu duba tsaftar muhalli, amma in ɗayansu ya kuskura ya yi maganar kwatar ƙofar gidanmu, sai mu tambaye shi ɗan gidan wane ne, mu tuna masa mun san ranar sunansa. Alhali a jihar nan tamu, a watan Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 40 a Jibiya. Ruwa ba ya jin "ɗan gidan wane".

Masu rufin kwano, na ga kuna murmushi. Ku da kuka rushe soron gado kuka ɗora dogon rufi mai tsini, kuna cewa kun huta da gora. Gaskiya ne. Ku naku aikin shi ne bin kwanon zuwa gonar mutane bayan iskar farkon damina, ku dawo da shi a ka, ku danne da tsohuwar taya da duwatsu.

Daren da aka yi marka, bayan duk wannan injiniyanci, ɗakin zai zuba dai. A jera baho da kwanon sha da tukunya, a ja katifa zuwa lungu, uwargida tana riƙe da fitila tana cewa, "Malam, tun watan azumi nake faɗa maka." Shi kuma ya yi rantsuwa cewa in Allah ya kai mu rani zai kira magini a sake yaɓe, a shafe da makuba, a sa sabon indararo, har tsani zai sa kafinta ya haɗa masa. Kaka ta zo, a sayar da wake da gyaɗa, kuɗi su shigo hannu. Sai ka ji ana raba goron ɗaurin aure.

Don haka ina da kira guda biyu. Bauranya mazaɓa biyu ce a ƙaramar hukumar Kusada, A da B, ke nan kansila biyu gare mu. Duk mai neman kujerar nan a zaɓe mai zuwa, ya rage kuɗin atamfa da sabulu ya saya wa kowace unguwa tsani ɗaya, a ajiye a zauren mai unguwa, a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo, don mun san halinmu. Na biyu kuma, wanda ya san gorar unguwa tana bayan rumbunsa, ya fito da ita ya jingina a bakin masallaci kafin Juma'a. Ba za a tambaye shi komai ba, ko a kan kamu biyun da suka ragu.