Yadda Ake Nema wa Bakin Kilarinet na Gilashi Ɗamarar da Za Ta Zauna

Kilarinet abin busa ne na Turai mai kama da doguwar sarewa baƙa, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg a Jamus wajajen shekarar 1700, kuma muryarsa duka tana fitowa ne daga haɗuwar ƙananan abubuwa uku a samansa. Akwai baki, wato ɓangaren da mabushi yake sawa tsakanin leɓɓansa. Akwai harshe, wani siririn ɓallin kara da ake fiƙewa daga wata irin gora wadda ta kudancin Faransa ta fi suna. Sannan akwai ɗamara, wadda aikinta kawai ta danne harshen a jikin bakin, ta bar tsininsa yana kaɗawa. Yawancin bakuna ana yin su ne da ebonait, wato robar da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri, kuma da ma'auninsu maƙera suke ƙera ɗamara. Wanda zuciyarsa ta kwanta da bakin gilashi, irin wanda gidan Pomarico na Italiya ya shahara da yi, ko irin na gidan O'Brien wanda mabushi Pete Fountain na New Orleans ya daɗe yana busawa, ya samu murya mai daɗi da baki wanda ba ya lanƙwasa don zafi ko sanyi, amma ya kuma ɗauko wa kansa neman auren da sai an zaga dangi.

Matsalar iri biyu ce, kauri da santsi. Bakin gilashi sau da yawa ya ɗan fi na roba kauri, kuma da yake da hannu ake ƙarasa gogarsa, biyu da suka fito daga gida ɗaya suna iya bambanta da abin da ido ba zai gani ba amma ɗamara za ta ji. Ga shi kuma siffar bakin kamar kifaffen mazurari take, siriri a sama mai faɗi a ƙasa, saboda haka duk matsin da aka yi wa ɗamara yana tura ta ne ta sulale sama, kuma gilashin da yawu ya jiƙa ba ya riƙe komai.

Shawara ta farko ita ce mai nema ya guji cinikin biri a sama. Ya naɗe bakin a tsumma mai laushi, ya sa shi a aljihun gaba inda hannu zai riƙa dafa shi, ya tafi da shi kanti tare da tsohon harshen da ba ya jin asararsa, domin rubutun da ke jikin kwali cewa ɗamara ta dace da kowane baki magana ce da aka yi ba a gaban gilashi ba. Idan kanti ya yi nisa, sai ya zagaya bakin da siririyar takarda a sama da ƙasan inda ɗamara take zama, ya auna tsawon kowace da rula, ya aika wa mai sayarwa adadin milimita. Kowane gwaji kuma a yi shi a kan katifa ko darduma mai kauri, domin bakin roba idan ya faɗi yakan tsira da tabo, na gilashi kuwa tsintsiya ce take raka shi.

Ɗamarar ƙarfe mai noti biyu, wadda ake danganta wa Iwan Müller a farkon ƙarni na 19, ita ce wadda kowa yake fara gwadawa, kuma ita ce ta fi jawo ɓacin rai. Alamar ba ta dace ba a bayyane take: ko dai ta tsaya can sama kamar hular yaro a kan babba, notinta sun buɗe har ƙarshen zare, ko kuma ta zauna amma gefenta ɗaya kaɗai yake taɓa gilashin. A nan ne mutum yake jin kamar ya ƙara murɗa noti sau ɗaya tak, kuma wannan murɗar ce ya kamata ya haƙura da ita, saboda ƙarfe ba ya sassauta wa gilashi, harshen da aka matse fiye da kima kuwa muryarsa shaƙewa take yi.

Jarrabawar gaskiya ana yin ta ne yadda mabusan kilarinet na babbar ƙungiyar kiɗan Turai suke fuskantarta. Kowannensu yana zama da kilarinet biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo da kaurin murya, kuma a tsakiyar kiɗa yakan zare baki ɗaya daga wannan ya soka a wancan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hannu ya kama, ya murɗa, sai ga ɗamara da harshe sun taho cikin tafinsa, bakin yana nan daram a inda yake, jagoran kiɗa kuwa ya riga ya ɗaga sanda yana duban inda sautin zai fito. Saboda haka mai saye ya ɗaura harshe, ya soka bakin a jikin kilarinet, ya zare shi sau goma a jere. Ɗamarar da harshenta bai goce ko kaɗan ba ita ce ta ci sadaki. Shafa mai a toton da ke gindin bakin yana rage rabin wahalar, muddin an goge yatsu kafin a taɓa gilashin.

Mafi yawan masu wannan nema a ƙarshe wajen ɗamara mai laushi suke sauka, irin ta Rovner ta Amurka da aka yi da wani yadi mai roba da noti guda, ko ta fata, domin tana bin jikin bakin yadda ya zo, tana kama santsi, kuma ba ta karce shi. Wasu suna ganin tana ɗan rufe hasken murya, kuma wannan ƙorafi ne da ya cancanci a saurara da kunne a ɗaki mai faɗi kafin a biya kuɗi. Wanda ya nace sai ƙarfe yana iya manna ɗan facin roba siriri, irin wanda ake sawa don haƙora, a bayan bakin inda ɗamarar za ta samu abin cizo.

Akwai kuma zare, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Kafin zuwan noti da igiya ake ɗaure harshe, har yau ma mabusa da yawa a Jamus da ita suke yi, sai dai bakunansu suna da tsage-tsagen da zaren yake kwanciya a ciki, abin da gilashi sumul ba shi da shi. Maganin wannan shi ne a goga wa zaren kakin zuma, a danne bakinsa da babban yatsa, a naɗa shi zagaye bayan zagaye daga sama zuwa ƙasa ba tare da barin rata ba, sannan a cusa ƙarshensa ƙarƙashin naɗin ƙarshe a ja. Igiyar takalmi mai faɗi ma tana yin aikin a ranar da ɗamara ta ɓata ana dab da hawa dandali, da sharaɗin mai ita ya taka a hankali zuwa kujerarsa.