Ta Hanci Ta Fito

Hancina bai daina zogi ba, amma gara in rubuta yanzu kafin ƙanwata ta riga ni kai labarin nan gida Wusasa da nata gishirin.

Mijinta Ba'amurke ne, ɗan Portland ta jihar Oregon, garin da ƙananan masana'antun giya suka yi yawa kamar an shuka su. Tun da Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu gemu suka yi ta fitowa daga gareji suna buɗe shaguna. Jiya da yamma surukin nawa ya ja mu ɗaya daga ciki, wai an fasa sabuwar gangar bitter irin ta Ingila. Tun a mota ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah kada ka ba mu kunya." Ni da na san burkutu tun yana kan murhu?

Mai wurin da kansa ya zuba. Ba kwalba, ba firiji. Wani famfon hannu ya riƙa ja a hankali, abu ya hau kofi launin jan ƙarfe, kumfa ɗan kaɗan, sanyin bai wuce digiri 12 ba. Sai ya shiga jero asali: tsiron sha'ir ɗin Maris Otter ne, furen hop ɗin da ke kawo ɗaci Fuggle ne da Goldings na Kent, ƙarfinta bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Har ruwan ma sai da ya zuba masa sinadarin da ake yin silin POP da shi, don ya yi kama da ruwan garin Burton. Ya gama, ya dafa kanta, ya matso da gemunsa daf da ni yana jiran hukunci.

Nan ne wani tsohon Bature ɗan Ingila da ke kujerar gefe ya tsoma baki. Ya ce shi ɗan ƙungiyar CAMRA ne, masu kare giyar ganga tun 1971, kuma ba a ɗanɗana bitter da tsoro. In cika baki, in juya ta a kan harshe, sannan in fitar da numfashi ta hanci, a nan ƙamshin yake.

Bai ce in haɗiye tukuna ba. Ina so a rubuta wannan a ajiye: bai ce ba.

Na cika baki. Ɗanɗanon ya zo kamar an jiƙa gasasshen burodi a ruwan shuwaka, ba sanyi ba zafi. Na juya ta dama, na juya ta hagu, kumatuna a kumbure, idanu shida a kaina. Sai na rufe leɓe gam, na turo numfashi da ƙarfina.

Ta fito ta hanci. Ƙofa biyu, layi biyu. Na dama ya sauka a kan kantar shagon. Na hagu, wanda ban san laifin da na yi masa ba, ya yi sama ya dira tsakiyar gemun mai wurin. Na ga ɗigon da idona: ya tsaya a bakin gashi, ya yi lilo, ya yi shawara, sannan ya faɗa cikin kofin da mutumin ya zuba wa kansa. Shi kuwa bai motsa ba, murmushin jiran yabo na nan a fuskarsa bai samu labari ba tukuna. Sauran ta bi maƙogwaro ta hanyar da ba tata ba, na ƙware, tari da hawaye da majina suka haɗu. Ƙanwata ta juya baya tana karanta allon farashi kamar ba uwa ɗaya ta haife mu ba.

Tsohon ko gezau. Ina neman numfashi, shi yana ɗaga kofina yana dubawa a hasken fitila. Ya ce ga matsalar nan: kofin Amurka mililita 473 ne, na Ingila 568, giya ba ta sakewa a ƙaramin kofi. Na yi tari. Ya ce kuma an yi gaggawar fasa gangar, da an bar ta ta ƙara kwana ɗaya a ɗakin ƙasa da ba ta yi min gardama ba. Na sake tari, na nuna masa bayana ko zai buga. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ɗacin Fuggle daga baya yake zuwa. Da na samu na ce, "Baba, ruwa," sai ya riƙe min hannu ya ce kul, ruwa zai wanke harshe, kuma ba a yanke wa bitter hukunci sai a kofi na uku.

Mai wurin ya goge gemu da tawul, ya tambaye ni a hankali ko na ji ƙamshin bisket. Na ce na ji. Har yanzu ma ina ji, duk lokacin da na sunkuya.

Surukina ya biya kuɗin kofi biyu, nawa da na mai wurin.