Yaƙin Bature da Mai Falmaran na Karammiski

Baturen Ingila zai jure ruwan sama na wata guda cur, ya jure tsadar wuta da gas, ya tsaya a layi awa biyu bai ce uffan ba. Amma bari ya tashi da safe da kofin shayi a hannu, ya leƙa taga ya hango tsibin baƙar ƙasa guda uku a tsakiyar ciyawar gidansa. Ranar ko matarsa sai ta bi shi a hankali. Mol ya kawo ziyara.

Mol dangin jaɓa ne na ƙasashen sanyi. Bai fi tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 100, ido kamar babu, hannuwan gaba kuwa shebur ne sosai. Ba ya cin kabeji, ba ya taɓa karas. Abincinsa tana ce da tsutsar ƙasa, har da tsutsotsin da ke cinye saiwar shuka. Yana da tanadi kuma: sai ya ciji kan tana, ya ajiye ta da ranta a rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa, ɗaruruwa, saboda ɓacin rana. Laifinsa ɗaya ne. In ya haƙa rami, kuma yakan haƙa mita 20 a yini, dole ya turo ƙasar waje.

To me aka shuka a wurin da ake wannan tada jijiyar wuya? Ciyawa. Ba ta akuya ba ce, don gidan ko kaza babu. Ciyawar kallo ce. A ba ta taki, a ba ta ruwa don ta yi tsawo. Da ta yi tsawon, a fito ranar Asabar a aske ta da inji, a kwashe askin a zuba a shara. Tun da Edwin Budding ya ƙera injin nan a 1830 ake wannan hidima, ba a gaji ba. Mai sayen harawa da tsada gab da Layya kada ya kalla, hawan jininsa zai tashi.

Yaƙin yakan fara da magungunan gargajiya, kuma a nan za ka gane Bature ma yana da bokayensa. Wani ya ce a cusa tafarnuwa a ramin. Wani ya ce kafur. Wani ya rantse da man zurma. Akwai mai zuwa shagon aski ya roƙi gashin da aka share, ya zo ya tura a rami, wai warin ɗan Adam zai kori dabbar. Akwai mai binne kwalba rabi don iska ta riƙa busa ta, da mai kafa 'yar fanka ta wasan yara a kan kowane tsibi, har lambun ya koma filin bikin suna. A Amurka cingam suke jefa masa. Wanda abin ya kai wa iya wuya kuma, dattijo ne mai digiri biyu, sai ya jira dare ya raba, ya leƙa hagu da dama, ya je ya tsuguna a bakin ramin ya yi abin da ba a faɗa a jarida. Mai kuɗi ya sayi sanda mai aiki da hasken rana, wadda ke ƙugi a cikin ƙasa. Washegari ya tarar da sabon tsibi daf da gindin sandar.

Abin lura, kusan duk magungunan nan ba kisa suke ba, kora ce. Kora zuwa ina? Gidan da ke bayan shinge. Sai ka ga maƙwabta biyu sun jingina da shingen suna gaisawa cikin ladabi, ana maganar yanayi kamar kullum. "Na ga baƙon nan ya iso wajenka, wallahi ban ji daɗi ba." Alhali shi ya kwana yana zuba man zurma ta ɓangaren da zai tura baƙon can. Ni dai a ganina ba ƙasar da aka turo ce ke ƙona ran maigida ba. Abin da ke hana shi barci shi ne ciyawar maƙwabci tana nan sumul, tasa kuma duk mai wucewa da kare sai ya rage tafiya ya kalla.

Gogan naka mol kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, ya taɓa kayar da sarki. A 1702 dokin Sarki William na III ya yi tuntuɓe da tsibin mol a Hampton Court, sarkin ya faɗo ya karye a kafaɗa, ciwon huhu ya biyo baya, bai yi wata guda ba ya cika. Magoya bayan gidan Sarki James, wanda William ya raba da gadon mulki a 1688, suka shekara da shekaru suna ɗaga kofi don girmama ɗan ƙaramin dattijo mai falmaran na baƙin karammiski. Abin da rundunoni suka kasa, ya yi shi yana neman abin karin kumallo.

Jamusawa sun ma sallama. A can doka ce ke kare shi: ka kashe shi ka sha tara mai tsoka. Iyakarka ka lallashe shi ya ƙaura.

A Ingila, in tafarnuwa da fitsari sun gaza, sai a kira gwani. Kamun mol sana'a ce mai tarihi, kuma kasuwarta ta sake buɗewa tun da aka hana amfani da gubar sitiriknin a 2006. Gwani zai zo da jakar tarkuna, ya soka sanda a ƙasa, ya girgiza kai irin na bakanike da ya buɗe bonet. A karkarar arewacin ƙasar har yau akan jera gawarwakin a kan waya mai ƙaya, don mai gona ya ƙirga ya biya. Maigidan birni yakan ɗauka runduna ce ta mamaye shi, ganin tsibi ashirin. Kwana biyu gwani ya dawo da guda ɗaya tal a hannu, domin mol ba ya zama da kowa, ko matarsa sai lokacin barbara. Uwargida kuma tun tuni take bi a ɓoye da bokiti tana kwashe ƙasar tsibin, don babu irinta wajen dashen fure a tukunya.

An biya gwani, an daddale ciyawa, maigida ya yi barcin nasara. Sai dai a ƙarƙashin ƙasa an bar gida ginanne, da zaure da lungu da rumbu, ba kuɗin haya, ba ɗan kamasho. A ƙasar da ke da mol fiye da miliyan 30, irin wannan gida ba ya daɗewa babu kowa. Wanda zai tare kuwa galibi daga bayan shinge yake fitowa, daga gidan mutumin nan da ya ce wallahi bai ji daɗi ba.