Garin Neman Gira

A unguwarmu Injiniya ake kirana, alhali ban taɓa taka ƙofar ajin injiniyoyi ba. Hausa nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Kano. Sunan ya samo asali ne ranar da rediyon maƙwabcina ta ƙi magana, na buɗe bayanta na juya batir ɗaya da aka sa a baibai, ta kama labaran yamma. Tun daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma ban taɓa musawa ba, domin sarautar da aka ba ka kyauta ba a tambayar dalilinta.

Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai akwati daban allo daban, haɗin kasuwa, wadda na saya gwanjo shekara takwas da suka wuce. Ita ce ofishina, ita ce rumbuna. Wata Asabar cikin hunturu, saura kwana biyu mu miƙa tambayoyin jarrabawar zangon farko, na zauna da kofin shayi na danna maɓallin kunnawa. Maimakon ɗan "ƙas" ɗin da na saba ji, sai yatsana ya nutse kamar na danna tuwo mai zafi. Na sake dannawa, shiru. Na danna da babban yatsa, na danna da gindin biro, na yi mata magana mai daɗi, na ɗan mangare ta a gefe yadda ake yi wa tsohuwar talabijin. Ko gezau. Tambayoyin aji uku, aikin dare biyar, duk suna cikinta a kulle.

Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ka kai ta wurin masu gyara mana."

Na ce, "Wurin wa? Ni da ake kawo wa?"

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Shekara goma sha huɗu muna tare, na san irin wannan addu'ar tata. Ba ta yin ta sai ta riga ta hango ƙarshen zance.

Sukundireba babu a gidan Injiniya, don haka da wuƙar yanka albasa na kwance murfin gefe. Abin da na tarar a ciki ya isa a kira shi tarihi: ƙurar hunturu takwas ta kwanta kamar bargo, gizo-gizo ya yi gida har da ɗakin baƙi, ga ɓawon gyaɗa guda biyu da har yau ba wanda ya amsa laifinsu. Na hura, ƙurar ta dawo mini a fuska, na yi atishawa sau shida. Daga nan na ɓamɓare fuskar akwatin. Wasu ƴan ƙugiyoyin roba ne ke riƙe da ita, ana lallaba su ne ɗaya bayan ɗaya. Ni ban lallaba ba, biyu suka karye.

A nan asiri ya tonu. Ashe wannan ƙaton maɓallin da nake dannawa shekara takwas hula ce kawai ta roba. Ainihin makunnin yana bayansa, ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar gurjiya ba, da siraran wayoyi biyu a gindinsa. Mazaunin robar da ke riƙe da shi ne ya tsage, shi kuma ya faɗa ciki yana reto. Duk dannawar da na yi tun safe, iska nake dannawa. Na jona wuta, na riƙe ɗan makunnin tsakanin yatsu biyu na latsa. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo ya haska.

Na ƙwala wa mutanen gida kira su zo su shaida. Na tsaya na yi musu ɗan jawabi a kan amfanin ilimi. Ɗana na fari, mai shekara goma sha ɗaya, ya tafa mini. Uwargida ta ce, "Madalla. To kwashe tambayoyin naka a filashi tun tana numfashi."

Da na ji wannan shawarar da labarin nan ya ƙare a nan, da kuma ba ku da abin karantawa. Amma na ce mata Injiniya ba ya barin aiki rabi da rabi. Na kashe kwamfutar, na aiki yaron ya sayo mini sufa gulu a wurin mai tebur na bakin layi.

Ɗigo ɗaya ya isa, haka aka rubuta a jikin kwalin, daga baya na karanta. Ni kuwa na kwarara shi kamar mai zuba mai a garau-garau. Na mayar da makunnin mazauninsa, na danne shi da yatsa ina ƙirga ɗari don ya kama da kyau. Ya kuwa kama. Ya kama mazaunin, ya kama makunnin, ya kama yatsana. Minti ashirin na yi a durƙushe ina manne da kwamfuta kamar akuyar da aka ɗaure a turke, uwargida tana goga mini auduga da ruwan ɗumi, kafaɗunta suna rawa, wai tari ne ya sarƙe ta. Da ƙyar muka rabu da na'urar, na bar mata ɗan fatar yatsana abin tunawa.

Na jona wuta. Tun kafin in taɓa komai fanka ta tashi da kanta. Na buɗe baki zan sake kiran ƴan kallo, sai ta mutu. Na zare waya na mayar, ta tashi, na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta kwanta. Sau bakwai muna haka, kamar ɗalibin da aka tasa da asuba: ya buɗe ido ya amsa, kana juya baya ya koma barci.

Sai na zauna na yi nazari irin na masana. Na ce wannan alamar yunwa ce, wuta ba ta isar ta. Kowa ya san yadda wutar unguwarmu take zuwa wani lokaci, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Na juya akwatin ina duba bayansa, sai na ga wani ɗan jan makunni kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 230 a kansa. Na tura shi gefe da bakin wuƙa, sai 115 ta bayyana. Wani farin ciki ya lulluɓe ni. Na ce ashe masu ƙera ta sun san da zaman talaka: ga wurin masu wuta da yawa, ga wurin masu wuta kaɗan. Shekara takwas ina tilasta mata neman 230, alhali ga 115 a kusa. Na bar shi a nan, na gyara zama, na jona.

Ƙarar da ta biyo baya sai da ta watsa kajin tsakar gida. Wani farin hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, ɗakin ya gume da warin ƙonanniyar roba. Maƙwabcina mai rediyo ya ɗago murya ta kan katanga: "Injiniya, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, gwaji nake yi."

Uwargida ta shigo, ta dube ni, ta dubi hayaƙin, ta buɗe taga ta fita. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na naɗe akwatin a tsohon zani don kada ƴan unguwa su gane abin da Injiniya ya ɗauko, na tari Adaidaita Sahu, ni da yaron muka nufi titin Beirut inda masu kayan waya da kwamfuta suke. A shagon da muka shiga mai shagon yana ciniki, sai ya haɗa ni da yaronsa, wani siririn saurayi da ko gemu bai fara ba. Ɗalibaina na aji shida sun girme shi. Ya kwance zanin, ya kai hancinsa bayan akwatin ya shinshina, ya dubi jan makunnin.

Ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ka san gida mai yara."

Ɗana ya ce, "Abba, ai kai ne, da wuƙar Umma."

Saurayin nan yana da tarbiyya, domin bai yi dariya ba sai da ya sunkuya ƙarƙashin tebur neman abin da bai ɓata ba. Da ya ɗago ya yi mini bayani a hankali, yadda nake yi wa ƴan aji ɗaya bayanin baƙi da wasali. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Wurin 115 an yi shi ne don ƙasashe irin Amurka da wutarsu ba ta kai rabin... ya tsaya ya gyara, ya ce kusan rabin tamu ce. Idan ka kai makunnin 115, ka gaya wa fawa-fak, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta, cewa wutar da ke shigowa ƙarama ce, shi kuma sai ya ninka ta biyu. Ni na ba shi 230 na ce ya ninka. Ya yi biyayya, ya mutu a bakin aiki.

Ya kwance ƙonannen, ya ɗaura wani. Sannan ya bi siraran wayoyin nan biyu na makunnina har inda suka ƙare a kan babban allon cikin na'urar, wanda suke kira madabod, ya zare ɗan kansu mai rubutun POWER SW. Wasu ƴan allurai biyu suka bayyana a tsaye. Ya jona wuta, ya ɗauki sukundireba ya taɓa su tare, taɓawa ɗaya kamar ƙiftawar ido. Fanka ta tashi. Na ƙirga huɗu a zuci, na ƙirga goma, na ƙirga talatin. Ba ta mutu ba.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, Baba. Aikin makunnin duka ke nan, ya haɗa alluran nan biyu ya sake su. Wutar wurin ba ta wuce bolt biyar ba, ko jinta ba za ka yi ba. Amma in aka danne shi aka ƙi saki har daƙiƙa huɗu, kwamfuta ta ɗauka ana so a kashe ta ne da ƙarfi. Gulun da aka zuba ya shiga cikinsa ya daskare a danne. Kana kunna ta, shi yana kashe ta."

Na lura ya ce "aka zuba". Allah ya yi wa iyayensa albarka.

Mai shagon, dattijo mai furfura, ya gama cinikinsa ya matso yana murmushi. Ya ce in gode wa Allah da zamani ya canza. Kwamfutocin da ya koyi gyara a kansu, makunnin gabansu wutar soket ce tsagwaronta ke bi ta cikinsa, shi ya sa a lokacin sai allo ya ba ka izini kafin ka kai hannu ka kashe. Kamfanin Intel ne ya fito da tsarin da ake kira ATX a 1995, aka mayar da maɓallin ɗan aike kawai: ya gaya wa madabod, madabod ya gaya wa fawa-fak ta wata koriyar waya, sannan wuta ta tashi. Ya ce, "Malam, da irin ta dā ce ka manne yatsanka a jiki, da ba kai ne ka kawo ta ba." Ya ƙara da gargaɗin kada in kuskura in buɗe ƙonannen fawa-fak ɗin a gida, domin akwai abubuwa a cikinsa da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya. Ban gaya masa cewa tun a Adaidaita nake shirya yin hakan ba.

Saura makunni. Na gyara murya na tambayi kuɗin sabo. Saurayin ya ce ba sai na saya ba. A ƙasan babban maɓallin akwai wani ƙarami na risat, wanda shekara takwas ban taɓa sanin amfaninsa ba, kuma makunninsa iri ɗaya ne da wanda na kashe. Ya zare kan wayarsa daga mazauninta, ya soka a kan alluran nan biyu, ko wace fuska aka juya shi daidai ne. Aikin bai kai minti ɗaya ba, bai kuma karɓi ko sisi a kansa ba. Kuɗin fawa-fak kuwa na biya su cif, kuɗin da na ware na shaddar da nake ta zagayawa a Kantin Kwari tun watan jiya.

Tambayoyin jarrabawa suna nan lafiya, ko wasali ɗaya bai ɓata ba. A shagon na kwashe su a filashi, a tsaye, kafin in ɗaura zanin. Ranar Litinin na miƙa su da yatsa naɗe da filasta. Shugaban makaranta ya tambayi abin da ya same ni, na ce aikin gida ne. A cikin tambayoyin aji biyar akwai wadda na rubuta da hannuna mako guda kafin wannan rana: a bayyana ma'anar "ƙaramin sani ƙuƙumi ne" tare da misali. Da na zo maki, na ba duk wanda ya amsa ta cikakken maki, ban tsaya duba misalinsa ba.

Yau kwamfutar tana aiki. Babban maɓallin yana nan a gaba yana ƙyalli, ba ya kunna komai, baƙo ya danna ya gaji. Ƙaramin kuwa ya shige ciki sosai, sai da tsinken ashana ake samunsa, don haka akwai kwalin ashana na musamman a kan teburina, wanda uwargida take kira kayan aikin Injiniya. A unguwa sunan bai canza ba, sai dai maƙwabcina ya daina kawo mini rediyonsa.

Mai karatu, in maɓallin taka kwamfutar ya nutse wata rana, ka fara da zare wayar wuta. In ka samu ta tashi, kwashe aikinka kafin ka kira ƴan kallo. Ka nisanta sufa gulu daga makunni, jan abin nan na baya kuma ka bar shi a 230 inda ka same shi. In kuwa matarka ta ce ka kai wa masu gyara, ka nemi zani ka naɗe tun kaji suna zaune lafiya.