Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Raɓa

Hajiya, ranki ya daɗe,

Ba zan tambayi yadda kika kwana ba, tunda tare muke kwana, kuma ke ce mai tashe mu da asuba da ɗigo a tsakiyar goshi. Na rubuto ne a madadin mutanen nan da ke saɓa jaka su nausa daji su kaɗai, dare ya yi su kafa ɗan tanti mai bango ɗaya su shige. Da yawanmu kin san su a hanyar Afalaciya ta gabashin Amurka, wadda ta taso daga Jojiya ta ratsa jihohi 14 har Maine, tafiyar kilomita kusan 3,500 a ƙafa, wata biyar zuwa bakwai. Dazuzzukan nan masu danshi ai kamar gandun gidanku ne.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wai baƙo da hantsi ya yi sai ya kama gabansa. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa naɗe jiƙaƙƙen tanti ya wuni da shi a gadon baya ba.

Kin san dalilin da ya sa muka rabu da tanti mai bango biyu. Mu mutane ne masu ƙyashin nauyi, akwai a cikinmu masu yanke mariƙin buroshin haƙori don su rage 'yan giram. Tun da wani mai suna Ray Jardine ya fitar da littafinsa a 1992 yana kira a sauke kaya, abin ya zama ɗariƙa. Yanzu ana ɗinka tantin mutum ɗaya da yadin Dyneema, wanda asalinsa na filafilan jiragen ruwa na tsere ne, a tokare shi da sandar tafiya, wani bai kai rabin kilo ba. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli. Ruwan sama ba ya ratsa shi ko ɗigo. Abin da mai saye ba ya tunawa sai a daren farko shi ne, yadin da ya hana ruwa shiga, shi ne kuma zai hana shi fita.

Na binciki asalinki, Hajiya, kuma abin da na gano bai yi mini daɗi ba: ashe 'yar cikin gida ce ke. Iskar da ta kai digiri 30 na zafi, kowane kubik mita nata na iya ɗaukar ruwa giram 30. Da ta sauko digiri 10, giram 9 da ɗan ɗoriya kawai take iyawa, sauran sai ta sauke a kan duk abin da ya fi sanyi a kusa. Mu kuma muna kwance muna fitar da numfashi mai ɗumi cike da danshi, fata ma na fitar da nata, kafin gari ya waye mutum ya zubar wa iska abin da ya kai kofi guda. Ga danshin ƙasa, ga jiƙaƙƙiyar safa da aka rataye a ciki, ga tururin shayi. A daren da sama ta washe, taurari tar, iska ta kwanta, yadin tanti yana sakin zafinsa zuwa sama har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Nan kike shimfiɗa tabarmarki. Wato daren da ya fi kowane kyau, wanda mutum ke cewa yau kam ba hadari, shi ne daren da kike zuwa da gayya.

Na san za ki ce ai masu bango biyu ma kina ziyartar su. Gaskiya ne. Amma a can a zaure kike tsayawa, ki lafe a jikin rufin waje, raga ta shiga tsakaninki da mai gida. Mu da ba mu da zaure, kai tsaye kike faɗo mana uwar ɗaka. Mutum ya yi miƙa, ƙafar buhun barcinsa ta goga bango, shi ke nan. Ya tashi zaune, kansa ya share rufi. In aka yi ruwa mai ƙarfi, kowane ɗigo da ya bugi tanti daga waje sai ya karkaɗo ki daga ciki, a yi ta yayyafi a kan fuska, mutum ya kunna tocila yana neman hudar da babu ita. In sanyi ya kai na ƙanƙara kuwa, sai ki daskare, iska na kaɗawa kina zubowa gari-gari. Masu tantin nailan nasu ya fi ban tausayi, don yadin yana shan ruwa ya saki jiki, rufin da aka ɗaure tamau da magariba sai a iske shi ya sauko kusa da hanci.

Batun buhun barci dai ba na raha ba ne. Lallausan gashin agwagwa ko na dinya ake cusa masa, kuma ɗuminsa yana cikin kumburinsa. Ya jiƙe, ya dunƙule, ya daina riƙe zafi. Dare ɗaya ba komai. Dare huɗu a jere ba ranar shanya, a kan dutse, mutum shi kaɗai, wannan kuma maganar rai ce.

Akwai wata dattijuwa, Emma Gatewood, da ta taka hanyar Afalaciyar nan tun daga farko har ƙarshe a 1955 tana da shekara 67, kuma labulen banɗaki ne makarinta daga ruwa. Labule ba shi da zif balle a ja shi a toshe iska. Mu da muka biya daloli, sai mu rufe ko'ina ruf don tsoron sanyi, mu yi miki ɗaki.

Korar ki dai ba ta yiwuwa sai in za mu daina numfashi, kuma ba wanda ya yarda da wannan sharaɗi a cikinmu. Don haka sulhu muke nema. Daga ɓangarenmu, za mu daina kafa tanti a bakin rafi da cikin kwari, inda iska mai sanyi ke gangarowa ta taru, komai kyan wurin a hoto. Za mu hau ɗan tudu mu shiga ƙarƙashin bishiyoyi, don ganye yana kare yadi daga buɗaɗɗiyar sama. Ƙofa a buɗe in ba ruwa ake yi ba, gefen tanti a ɗage daga ƙasa, jiƙaƙƙun kaya a waje, girki ma a waje, wanda dama hayaƙinsa a rufaffen wuri kisa yake yi. Ɗan tsumma kuma zai kwana kusa da kai, a goge ki da asuba a matse, da rana in an zauna cin abinci a baza tanti a kan dutse.

Daga ɓangarenki abu ɗaya muke roƙo. Rufin mun bar miki, bangon ma ki riƙe. Don girman Allah, Hajiya, ki fita harkar buhun barci.

Wassalam,
Naki, wani matafiyi mai jiƙaƙƙen goshi.