Kifin da Ya Fi Kowa Sauya Sheƙa

Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce kafafen watsa labarai na gwamnati su raba wa jam'iyyu lokaci daidai wa daida, muddin an biya kuɗin fili. Masu dokar sun zauna a Abuja sun ƙirga mintoci, sai dai sun manta da sallama, mu kuwa a Birnin Kebbi ba a faɗa wa zance babu ita.

Kunna akwatinka lokacin kamfe ka gani. Kafin ɗan takara ya leƙo, sai ruwa. Kogin Matan Fada ne na Argungu, masunta sun afka da homa da gora, can wani ƙato ya sunkuto giwan ruwa yana haki. Tun 1934 ake bikin Argungu, amma na rantse kifi guda ake nuna mana. Masu tsintsiya da shi suke buɗewa, masu laima haka, har jam'iyyar da duk ofishinta jakar shugabanta ce. Babu sanatan da ya kai kifin nan sauya sheƙa, kuma bai taɓa cewa ya tuntuɓi magoya bayansa ba.

Sai shinkafa. Tun da Buhari ya zo Birnin Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da bashin manoma, kowane ɗan takara sai ya shiga fadama da shadda mai sitaci, ya riƙe zangarniya kamar an miƙa masa jaririn wani. Kalangu na tashi, maroƙi na zuba: garkuwan matasa, bangon marayu, inuwar gajiyayyu.

To, ga mai gayya. Zai gai da Sarkin Gwandu. Ina, ya isa ya tsallake Argungu? Yawuri da Zuru ma suna kallo. Sai hakimai, malamai, iyayenmu mata, da shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomi 21, kowa da sunansa, don wanda aka manta gobe da safe yana wata jam'iyyar. Ya kurɓi ruwa, ya gyara hula, ya ce, "Batun asibiti da makarantu kuwa..." Ƙit! Lokaci ya cika.

Washegari a teburin mai shayi aka kaure da gardama har shayi ya huce. An dai yi ittifaƙi cewa makaɗin 'yan adawa ya fi hannu, amma maroƙin masu mulki ya fi murya.