Wai Ina Ɗanzomo, Ina Jirgin Ƙasa?

Na ji ku, kuma na shanye. Tun ranar da na yi suɓul da baka a teburin mai shayi na ce na san jirgin ƙasa, ba ku bar ni na sha iska ba. Wani yaro da ko gashin baki bai tsiro masa ba ya ce, "Baba, ai jirgin da kuka sani a Ɗanzomo shi ne wanda ake shayar da tumaki a bakin rijiya." Bakano ya yi dariya har da buga ƙafa. Bahaɗeje kuwa cewa ya yi in kawo shaida ko in biya kuɗin shayin kowa.

To, bari in fara da ba ku gaskiyarku: layin dogo bai ratsa Ɗanzomo ba. Bai shiga Gumel ba, bai leƙa Maigatari ba, Sule Tankarkar ma ko usur ɗinsa ba ta ji. Kun ji daɗi? Madalla. Saura tawa.

Kai yaro, zo ka karanto mini mazaɓun ƙaramar hukumar Gagarawa, tunda ka ce ka yi boko. Akwai Gagarawa Gari, akwai Gagarawa Tasha. Tashar me? Ta kwalekwale? Dogo ya iso Kano a 1911, aka ja masa reshe zuwa gabas har ya dire a Nguru a 1930, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Gagarawa kuwa ƙasar Gumel ce. Ke nan jirgi ya taka ƙasarmu tun kakanka yana yawo ba wando.

Kai kuma Bahaɗeje, rage murya. Ina tashar jirgin da ke cikin Haɗeja? Ku ma sai kun niƙi gari zuwa Malam Madori kuke ganinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kada ka sa in tona.

Saura Bakano, wanda yake ganin jirgi gadonsa ne. Yallaɓai, kai ba ka taɓa kallon jirgi ba, tsaki kawai kake yi masa in an rufe maka hanya a mararraba kana saurin zuwa Kwari. Abin da ke ƙofar gida ba a ƙare masa kallo. Mu da muke cin tafiya mu je, mu muka san shi.

Ina ɗan yaro kawuna ya tafi da ni kai gyaɗa tasha. Da kaka ne, hunturu ya fara busawa, jakuna a gaba, raƙuma a baya, kowanne da buhuna. A tasha ga sikeli, ga 'yan dako, ga buhuna an jibge sun fi soro tsawo, ga mata da fura da dafaffiyar gyaɗa. Yaran wurin suka ce in kara kunne a jikin ƙarfen dogo. Na kara. Babu komai a gabas sai ƙura da ƙaya, amma ƙarfen yana wani irin gunji can ciki kamar tukunya za ta tafasa. Ba a jima ba ya ɓullo. Ba zan ɓoye muku ba, na ruga na ɓuya bayan jaki. Ku yi dariyarku, jakin ma da ba a ɗaure yake ba da ya riga ni.

Daga ranar na zama ɗan kallo. Jirgin fasinja bai dame ni ba, mutane ne a ciki, kuma mutane muna da su a gida. Jirgin kaya shi ne abin kallo. Mukan jeru muna ƙirga tarago, a yi ta musu in lissafi ya saɓa. In ya fito daga Nguru, hanci ma ya isa ya gaya maka abin da ya ɗauko: warin fata da ƙirgi, ko shanu sun turo ƙaho ta tsakanin ƙarafa, sai buhunan gyaɗa da ƙaro. In daga Kano yake, gishiri ne da kananzir da goro da yadi. Mukan ɗora kwabo mai huda a kan dogo, jirgi ya bi ta kai ya mai da shi faifai, a koma gida a sha bulala don an yi asarar kuɗi.

Kuma Bakano, dalar gyaɗar nan da kuke taƙama da ita a hoto, a Fagge kuka noma ta? Turawa sun shimfiɗa dogo suna kwaɗayin auduga, manoma suka ba su gyaɗa, kuma da yawanta daga jigawa irin tamu ta fito. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Kuna tambaya, to ina jirgin yake yanzu? Farin 1973 ya karya manomi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa shi, kuɗin man fetur ya kawo kwalta da tirela. Je ka Maigatari ranar Alhamis ka gani: shanu da raƙuma da riɗi da zoɓo, duk a bayan mota suke tafiya, suna farfasa titi. Abin da jirgi ɗaya zai kwashe, sai an yi jerin gwanon tireloli.

Na san abin da za ku ce na ƙarshe. A 2021 an ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, har da reshe zuwa Dutse, kuma shi ma ya kauce mana. Gaskiya ne. To sai me? Mun saba zuwa wurin jirgi da ƙafarmu. Ranar da ya fara gudu, in Allah ya kai rai, Kazaure zan nufa. Kai yaro, kai za ka riƙe mini sanda, kuma zan nemo maka jakin da za ka ɓuya a bayansa.